Farar Ƙasar Alkaleri: Yaushe Ido Ya Daina Yanke Farashi?

Ana ta muhawara a Bauchi kan farar ƙasar da ake haƙowa a yankin Alkaleri, wato farin yumɓun da ake kira kaolin: me ya sa ake loda ta ɗanya a tirela da araha, mu kuma mu sayi tayil da fenti da ɗan karen tsada? Maganar ta girmi masu yin ta.

Sinawa sun daɗe suna gasa irin wannan ƙasa su yi tangaran, Turawa suka kamo su a Meissen ta Jamus wajajen 1710. A 1912 aka gano hasken eksire na iya tona yadda ƙwayoyin zarra suke jere cikin ma'adini, a 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka haɗa madubin lantarki, na'urar da ke girmama ƙananan abubuwan da ido ba ya gani.

Abin da ba a cika faɗa ba ya faru ne a 1930. Kafin nan masana da yawa sun ɗauka yumɓu gari ne kawai marar tsari, don ƙwayarsa ba ta kai maikiron 2 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), silin gashin kai ya ninka ta sau talatin. Sai Hendricks da Fry, masu binciken ƙasar noma a Amurka, suka haska shi da eksire, suka tarar yana da tsari tsaf. A wannan shekarar masanin sinadarai Linus Pauling ya zayyana ginin farar ƙasa: falle ɗaya na silika manne da falle ɗaya na alumina. Masana ma'adinai Ross da Kerr suka biyo baya da cewa abin da ake kira da suna guda ma'adinai ne har uku. Da madubin lantarki ya iso, aka ga ƙwayoyin falle-falle masu kusurwa shida, an ɗora wannan kan wannan kamar gurasa a faifai.

Tun daga nan mai saye ya canza tambaya. Nawa ne ƙarfen da ke ciki? Don shi ke sa tayil ya yi ja-ja bayan an gasa shi. Yaya laushin ƙwayar? Masu takarda da masu roba mafi laushi suke nema, kuma ita ta fi kuɗi.

Mahaƙinmu kuwa har yau murzawa yake tsakanin yatsu, ya ɗan taɓa da haƙori ya ji ko da yashi. Ba raina wannan gwaji nake ba, yana kama yashi sarai. Amma ƙarfe kashi ɗaya cikin ɗari ba ya jiyuwa a haƙori, kuma ranar ciniki wanda ya riƙe takardar gwaji shi ke faɗin kuɗin tifa.