Waiwaye: Jini ya nuna allurar kansa ta kama, amma majinyaci fa?

Allurar kansa, wato ciwon daji, iri biyu ce. Akwai ta rigakafi, irin ta HPV, ƙwayar cutar da ke jawo kansar bakin mahaifa, da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023, wadda amfaninta ya tabbata. Akwai kuma wadda ake yi wa wanda ciwon ya riga ya kama, don a koya wa garkuwar jikinsa ta gane ƙarin ta far masa. Tarihin wannan ta biyun ne ke cike da faɗi-tashi.

A 1891 wani likitan fiɗa a New York, William Coley, ya fara tsira wa masu kansa ƙwayoyin cuta da gangan, bayan ya lura ƙari kan narke a jikin wasu da suka sha zazzaɓi mai zafi. Wasu sun samu sauƙi, sai dai babu wanda ya iya bayyana dalili, aka yi watsi da dabarar. Sai a 1991 ƙungiyar Thierry Boon a Beljiyam ta gano MAGE-1, wata alama da ƙwayoyin T na garkuwar jiki ke gane kansa da ita. Daga nan gwaje-gwaje suka ɓarke.

Matsalar ta fito ne daga ma'aunin da aka riƙa. A ɗebi jinin majinyaci bayan allura, a ga ƙwayoyin T sun ƙaru, a ce an dace. A 2004 Steven Rosenberg da abokan aikinsa a cibiyar binciken kansa ta Amurka suka tattara sakamakon majinyata 440 da aka yi wa irin wannan allura, suka tarar kashi 2.6 cikin ɗari kacal ne ƙarinsu ya ragu sosai.

Labarin Canvaxin, allurar kansar fata ta melanoma, ya fi kowanne ban takaici. A gwajin farko, waɗanda garkuwarsu ta amsa sun fi daɗewa a raye. Da aka raba majinyata ta hanyar ƙuri'a, wasu allurar gaske wasu holoƙo, sai aka dakatar da gwajin a 2005 don babu amfani. A ganina nan ne gizo ke saƙa: mai sauran ƙarfi a jika shi ne garkuwarsa ke amsa allura, shi ne kuma zai fi daɗewa ko da ba a yi masa komai ba. Allurar MAGE-A3 ta kamfanin GSK ma haka ta faɗi a 2014, bayan an gwada ta a kan masu kansar huhu fiye da 2,000.

Provenge kuwa, ta kansar furostet (wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar maza), da Amurka ta amince da ita a 2010, abin mamaki ta zo da shi. Ba ta hana ƙari ci gaba ba, amma cikin maza 512 ta ƙara kimanin wata 4 na rayuwa, a kan kuɗi kusan dala 93,000.

Abubuwa biyu suka farfaɗo da fagen. An samu magungunan da ke cire wa ƙwayoyin T birki, aikin da ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. An kuma iya haɗa wa kowane majinyaci allurarsa ta mRNA, wato saƙon da ke sa jiki ƙera alamar da garkuwa za ta gane, daga sauye-sauyen da ke cikin nasa ƙarin.

A 2023 Vinod Balachandran na asibitin Memorial Sloan Kettering ya fitar da sakamakon masu kansar fankiriyas (gaɓar da ke samar da insulin) 16 da aka yi wa fiɗa sannan allurar mRNA ta kamfanin BioNTech. Garkuwar 8 ta amsa, ta 8 ba ta amsa ba. Bayan kimanin shekara 3, ciwon ya dawo wa 2 cikin rukunin farko, 7 cikin na biyu. Masu binciken ba su manta da tarkon Canvaxin ba, suka duba yadda rukunonin biyu suka amsa allurar korona, suka ga daidai suke. Hujja ce mai kyau, amma mutum 16 ne, kuma babu ƙuri'a.

Gwajin kamfanonin Moderna da Merck a kan masu melanoma 157 shi ne aka yi da ƙuri'a, inda haɗa allurar mRNA da maganin Keytruda, ɗaya daga cikin masu cire birkin nan, ya rage haɗarin dawowar ciwo ko mutuwa da kashi 44 cikin ɗari. A 2023 suka fara mataki na uku, wato babban gwajin da ake yi kafin a amince da magani, da majinyata fiye da 1,000, kuma babban abin da ake aunawa a ciki shi ne tsawon lokacin da mutum zai yi ciwon bai dawo ba.