Na'urar gem ko kwamfuta a gasar wasannin faɗa

Zaɓen na'urar gasa shi ne matsayar da masu shirya gasar wasannin faɗa na bidiyo ke ɗauka kan injin da kowane ɗan wasa zai fafata a kai: ko na'urar gem ta gida irin su PlayStation da Xbox, wadda ake kira konsol, ko kuma kwamfuta. Wasannin faɗa su ne irin su Street Fighter da Tekken da Mortal Kombat da Guilty Gear, inda mutum biyu ke zama kafaɗa da kafaɗa a gaban allo ɗaya, kowa da jaruminsa, su yi ta bugawa har jinin ɗaya ya ƙare. Sauran manyan gasannin gem sun daɗe da raba wannan gardama, domin Counter-Strike da Dota 2 da League of Legends a kwamfuta ake buga su. A wasannin faɗa kuwa, konsol ce ke riƙe da yawancin zauruka tun tsakiyar shekarun 2000, duk da cewa a wasanni da dama kwamfuta ta fi ta saurin amsa umarni.

Asalin gardamar

Wasannin faɗa ba a cikin gida suka tashi ba. A shagunan gem na Japan da Amurka suka yi suna, a kan manyan akwatunan da ake jefa wa tsabar kuɗi, musamman bayan da kamfanin Capcom ya fitar da Street Fighter II a 1991. A wancan zamani babu wata tambaya game da ma'auni: abin da ke cikin akwatin shago shi ne wasan, na gida kuma kwaikwayo ne kawai, sau da yawa da bambancin gudu ko na zane.

Gasar da ta fi kowace girma a wannan fanni, Evo, ta faro ne a California a 1996 da sunan Battle by the Bay, ta koma Evo a 2002. A 2004 masu shirya ta suka mayar da yawancin wasanninta kan na'urorin gida, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a wurin tsofaffin hannu. Dalilin sauyin a fili yake. Shagunan gem na Amurka suna ta rufewa, akwatin shago kuma nauyi gare shi, ga tsadar haya da ta mota, ga maɓallan da ke lalacewa ana tsakiyar gasa. Da konsol, kowa zai zo da abin wasansa. A Japan, inda shagunan suka ci gaba da rayuwa, gasar Tougeki ta daɗe tana bisa akwatunan shago, daga 2003 har zuwa 2012.

Wani abin lura shi ne iyakar da ke tsakanin injunan ba ta taɓa zama mai kauri ba. Injin akwatin shago na NAOMI na kamfanin Sega, wanda Marvel vs. Capcom 2 ya fito a kansa, ɗan'uwan konsol ɗin Dreamcast ne, shi ya sa na Dreamcast ya samu karɓuwa a gasa ba tare da wata jayayya ba. Street Fighter IV kuwa, da ya fito a shaguna a 2008, yana gudana ne a kan Taito Type X2, wadda kwamfuta ce mai Windows da aka kulle cikin akwati. PlayStation 4 da 5 su ma da kayan cikin kamfanin AMD aka haɗa su, dangin na kwamfuta. Ashe ba ƙarfe ake wa gardama ba. Tambayar ita ce wane ne ke da iko da saitin injin, kuma ko kujera ta ɗaya da ta ɗari za su zama daidai.

Jinkirin umarni

Kusan duk wasannin faɗa suna tafiya ne a kan hoto 60 a daƙiƙa ɗaya. Kowane hoto, wanda 'yan wasa ke kira firem, yana ɗaukar kimanin kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa. Da firem ake auna komai: naushi kaza yana fita cikin firem huɗu, wanda ya tare duka kaza yana da ratar firem biyu kafin abokin karawarsa ya farfaɗo. A Street Fighter IV akwai jerin dukan da sai an danna maɓalli na gaba cikin firem ɗaya tak, in an kuskure jerin ya tsinke, mai dukan ya koma abin duka.

Jinkirin umarni shi ne lokacin da ke tsakanin danna maɓalli da bayyanar motsin a kan allo. Yana taruwa ne daga wurare da yawa: daga abin da ke hannun ɗan wasa, da injin da aka gina wasan da shi, da na'urar kanta, da kuma allon. Wanda ya shekara yana atisaye a kan injin da ke da jinkirin firem huɗu, in aka zaunar da shi a gaban mai firem bakwai, hannunsa zai riƙa riga idonsa. Zai ga tsalle ya taho, ya danna abin da ya saba dannawa a lokacin da ya saba, amma dukan ya riga ya sauka.

Wannan ya sa har tsakanin konsol da konsol an sha ja-in-ja. Evo ta yi shekaru tana buga Street Fighter IV a PlayStation 3, alhali 'yan wasa suna kukan cewa na Xbox 360 ya fi saurin amsawa kuma ya fi kusa da na shago. A 2014 gasar ta koma Xbox 360. Da Ultra Street Fighter IV na PlayStation 4 ya fito a watan Mayun 2015 cike da matsaloli, Evo ta wannan shekara ta yi zamanta a kan Xbox 360 ɗin.

Street Fighter V ne ya shigo da kwamfuta cikin maganar gadan-gadan. Ya fito a watan Fabrairun 2016 a PlayStation 4 da kwamfuta kaɗai, kuma masu aunawa suka samu jinkirinsa ya kai wajen firem takwas, wanda ya yi yawa ga wasa irin wannan. Capcom ta rage shi daga baya, musamman da gyaran watan Oktoban 2018. Amma tun kafin nan masu kwamfuta sun gano cewa in suka taɓa wasu saituna, ko suka haɗa allo mai sabunta hoto sau 120 ko 144 a daƙiƙa, wasan ya fi yi musu sauƙi a hannu. Wasan dai yana nan a firem 60 ɗinsa. Allon ne ke nuna kowane hoto da wuri. Da PlayStation 5 ta zo a ƙarshen 2020, an sake jin irin wannan kuka game da wasannin da aka gina da injin Unreal.

Ta wannan fuska hujjar masu son kwamfuta tana da ƙarfi, kuma ba a cika musanta ta ba.

Aikin zaure

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Babbar gasar faɗa a buɗe take, duk wanda ya biya kuɗin rajista zai shiga, ƙwararre da ɗan koyo. A Evo ta 2023 a Las Vegas, mutum fiye da 7,000 ne suka yi rajistar Street Fighter 6 kaɗai. Ana raba su rukuni-rukuni, sai mutum ya sha kaye sau biyu kafin a cire shi, wasa ɗaya kuma 'yan mintoci ne. Ma'ana, a kowane teburi ana zare waya ana soka wata daga safe har dare.

Ga yadda abin yake a teburi ɗaya. Alƙalin rukuni ya kira sunaye biyu. Ɗaya ya zo rungume da faffaɗan akwati mai sanda da maɓallai takwas, ya ɗora a cinya. Ɗayan ya ciro ƙaramin hannun gem daga aljihu, ko wani allo mai maɓallai zalla ba sanda. Kowa ya soka wayarsa, a shiga wurin saita maɓallai, a gwada na 'yan daƙiƙoƙi, a gaisa, a fara. A konsol wannan yakan tafi lami lafiya, domin na'urar ta san abin da take karɓa da wanda ba ta karɓa. A kwamfuta kuwa Windows na iya ɗaukar sabon hannun a matsayin ɗan wasa na ɗaya alhali na biyu ne, ko wasan ya ƙi ganinsa sai an rufe an sake buɗewa, ko ya zama hannun yana magana da tsohon tsarin DirectInput wasan kuma XInput yake jira. Minti uku da aka ɓata a teburi ɗaya ba komai ba ne. In aka ninka su da tebura ɗari da zagaye goma, gasa ta kai tsakar dare.

Sai batun daidaito, wanda shi ne ƙashin bayan hujjar masu konsol. PlayStation 5 ɗari kusan abu ɗaya ne sau ɗari. Kwamfuta ɗari kuwa, sai in kamfani ɗaya ne ya kawo su iri ɗaya, aka zuba musu manhaja ɗaya, aka kulle saitunansu. Ƙananan gasanni da na mako-mako sun dogara ne ga 'yan wasan da ke kawo na'urorinsu aro, wani lokaci a yafe musu kuɗin shiga. Konsol takan shiga jakar goyo, a ɗauko ta a jona. Kwamfutocin aro kuwa kowace da halinta: wannan katin hotonta ya tsufa tana zubar da firem, waccan ta zaɓi ta sabunta Windows ana tsakiyar wasa. Ɗan wasa zai iya jure jinkirin firem shida in ya san kowa a zauren shi yake sha. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne ya ci zagayen farko a teburi mai sauri, a fitar da shi a teburi mai nauyi.

Akwai kuma ƙananan wahalhalu da ba a gani daga kujerar 'yan kallo. Dole a sayi wasan da dukkan ƙarin jaruman da ake sayarwa daban a kan kowane inji. A kwamfuta ana buƙatar asusun Steam, kasuwar sayar da wasanni ta intanet, wasu wasannin kuma suna ɗauke da makullin hana satar fasaha irin Denuvo, wanda ke neman intanet lokaci-lokaci kuma yake iyakance yawan injunan da za a kunna wasan a kansu a rana. Kwamfuta kuma a buɗe take ga gyare-gyaren da 'yan wasa ke yi wa fayilolin wasa. A 2023 an ga abin kunya a wata ƙaramar gasar Street Fighter 6 da ake watsawa kai-tsaye, inda mai watsawar ya manta bai cire wani gyaran da ya tuɓe wa wata jaruma tufafi ba.

Konsol ma ba ta tsira ba. Hannayen PlayStation marasa waya sukan ci gaba da zama a haɗe da na'urar da aka gama wasa a kai, mai shi ya jefa a jaka, maɓalli ya dannu, wasan wasu mutane daban ya tsaya cak. Ƙa'idar yawancin gasanni ita ce wanda ya tsayar da wasa ya rasa wannan zagayen, don haka ake tilasta wa kowa ya goge hannunsa daga na'urar kafin ya tashi. Kowane sabon ƙarni na konsol kuma yakan bar tsofaffin akwatunan sanda a baya, sai an sayi ƙaramar na'urar canji irin ta kamfanin Brook. A Evo ta 2023, 'yan wasa sun yi ta nuna hotunan bakin wayoyinsu da suka lalace a ramukan USB na PlayStation 5 da suka wuni suna aiki cikin zafi.

Hannun kamfanoni

Ba kullum masu gasa ke da zaɓi ba. Sony ta sa hannu wajen samar da Street Fighter V, shi ya sa bai fita a Xbox ba, kuma gasannin Capcom Pro Tour na waɗannan shekaru a PlayStation 4 aka yi su. A watan Maris na 2021 Sony tare da kamfanin RTS suka sayi Evo ɗungurungum, ta riƙe hannun jarinta har 2025. Mai ɗaukar nauyin da zai sauke na'urori ɗaruruwa a ƙofar zaure ya gama rabin gardamar tun kafin a fara ta.

Bayan korona

A 2020 annobar korona ta rufe zauruka, ba a yi Evo ba, gasa ta koma intanet. A nan ne fasahar da ke hasashen motsin abokin karawa ta gyara in ta yi kuskure, wadda Tony Cannon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Evo, ya yaɗa da manhajarsa ta GGPO tun 2006, ta zama abin da kowa ke nema. Ƙwararru da yawa suka koma kwamfuta, domin a nan suke atisaye, a nan suke watsa wasansu ga masu kallo. Da zauruka suka sake buɗewa sai aka wayi gari mutum ya shekara biyu a kan kwamfuta mai allon 144, ga shi za a yanke masa hukunci a kan konsol.

Capcom ta amsa wannan kuka a gasar Capcom Cup ta tara, a watan Fabrairun 2023, inda aka buga Street Fighter V a kwamfuta da alluna masu saurin 144. Amma gasa ce ta 'yan ƙalilan da suka cancanta, injunan kaɗan ne, ga ma'aikata a tsaye a kansu. Daga nan aka fi ganin inda kowane inji ya dace: kwamfuta a dandamalin da ake iya sa wa kowace na'ura ido, konsol a zauren da dubbai ke shiga su fita. Street Fighter 6, da ya fito ranar 2 ga Yunin 2023, ya zo da saitin rage jinkiri, kuma PlayStation 5 tana iya aiki da allo mai saurin 120, wanda ya rage tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu.

Wasannin da ba su da zaɓi

Wasannin Nintendo ba sa fita a kwamfuta, don haka Super Smash Bros. Ultimate a Switch kaɗai ake gasarsa. Tsohon Super Smash Bros. Melee na 2001 kuwa har yanzu a GameCube ko Wii ake buga shi a zaure, da tsofaffin talabijin masu ƙeya, saboda ba su da jinkirin da allunan zamani ke ƙarawa. A 2020 wata manhaja mai suna Slippi ta ba da damar buga shi ta intanet a kwamfuta, ta hanyar manhajar da ke kwaikwayon GameCube. Da gasar The Big House ta shirya amfani da ita a ƙarshen wannan shekara, Nintendo ta aika mata takardar gargaɗi ta lauya a watan Nuwamba, aka soke gasar.