Daga Sakkwato zuwa ƙauyukan tsaunin Mambila: tambayoyi da amsoshi

Basakkwace ya san zafi, ya san rairayi da fadamar Rima, amma hawan tsauni ba gadonsa ba ne. Ga tambayoyin da masu shirin zuwa yawon buɗe ido a Mambila suka fi yi, da amsoshinsu.

Ina ne Mambila, kuma ta ina ake bi?

Tana jihar Taraba, a ƙaramar hukumar Sardauna, kan iyaka da Kamaru, hedkwatarta Gembu. Sunan ba baƙo ba ne a kunnenmu: bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, da Arewacin Kamaru ya zaɓi zama cikin Najeriya, an raɗa wa lardin sunan Sardauna saboda Sa Ahmadu Bello.

Tafiyar ta haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba. Daga Sakkwato sai Gusau, Funtuwa, Zariya, a ɓulla Bauchi da Gombe, a bi ta Numan a shiga Jalingo. Daga Jalingo a kama hanyar Bali da Serti har Mayo Selbe, gindin tsaunin ke nan. Ka ware kwana biyu zuwa uku a tafi, haka nan a dawowa. Kada ka yi tafiyar dare ko kaɗan, musamman tsakanin Sakkwato da Funtuwa, kuma ka tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a ranar da za ka tashi, ba labarin makon jiya ba.

Da gaske ne akwai sanyi, ko kururutawa ce?

Gaskiya ne. Sakkwato tana kusan mita 300 sama da teku, doron Mambila kuwa kusan mita 1,600. Duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi, wato tsawon kaɗai ya zaftare wajen digiri 8, kafin a sa lissafin ruwan sama da iska. A Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, can da wuya rana ta wuce 25. Da dare kuwa sai bargo.

Sanyin nasu ba irin hunturunmu ba ne mai bushe leɓe. A damina da laima yake zuwa, rigar da ka shanya da safe za ka iya tarar da ita da danshinta har magariba. Riga mai kauri guda ɗaya ba ta kai siraran riguna uku amfani ba: ta ciki, suwaita, da rigar ruwa a sama. In ka fara hawa jiki ya ɗumama ka cire ɗaya, in ka tsaya hutu ka mayar tun gumi bai huce a jikinka ba. Babbar riga a bar ta a masauki don Juma'a.

Wane lokaci ya fi?

Nuwamba zuwa farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, hanyoyin ƙauye sun taku. Daga Janairu hazo kan rufe nesa, ga ƙunar daji ta baƙanta tuddai. A tsakiyar damina wurin ya fi kyau a ido, amma jan laka kan hana mota shiga ƙauye, gajimare kuma ya sauko har ƙasa ka kasa ganin wanda ke gabanka.

Motata za ta iya hawan?

Hawan ba shi ne abin tsoro ba, gangarowa ce. Daga Mayo Selbe hanya ta nannaɗe tsauni kamar rawani, kwana bayan kwana, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen. Direban da ya saba da miƙaƙƙiyar hanyar Illela yakan ɗora ƙafa kan birki ya bar ta nan. Birkin ya yi zafi, man birki ya tafasa ya yi kumfa, sai a taka a ji ƙafa ta nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Maganinsa a sauko da giya ta ɗaya ko ta biyu, inji ya riƙe motar, birki kuwa a taɓa a saki. Mai otomatik ya sa L ko 2. Sakin mota a firi don tsimin mai ganganci ne. In ka ji ƙaurin birki, nemi wuri mai faɗi ka tsaya ya huce da kansa, kada ka watsa masa ruwa.

A hawa kuma zafin inji ne matsala. Kashe esi, sa ido kan allurar zafi. In ta haura ka tsaya, kada ka buɗe murfin lagireto sai ya huce, ruwan da ke ciki na iya yi maka feshi a fuska. Tun a Sakkwato a kai wa bakanike ya duba birki, man birki, fanka da tayoyi har da safaya. A cika tanki a Jalingo. Wanda bai taɓa tuƙi a tsauni ba, ya fi masa alheri ya shiga motar haya da direban da ya san kwanonin.

In na hau, me zan gani?

Kada ka zarce Gembu ka zauna a otal ka ce ka ga Mambila. Daɗin yana ƙauyuka. Kusa da ƙauyen Yelwa akwai kurmin Ngel Nyaki, daji mai duhu a gangaren tsauni, da tsuntsaye iri-iri da birai, har da biri mai kama da mutum, kodayake wannan an fi ganin sheƙarsa a kan bishiya fiye da shi kansa. A Kakara akwai gonakin ganyen shayi, jeri-jeri an aske su daidai ƙugu. Mu da muke kwana a teburin mai shayi, da yawanmu ba mu taɓa ganin ganyen a jikin itacensa ba. Masu tsinka kan ɗauki toho da ganye biyu na sama kawai su jefa a kwandon da ke bayansu.

Sai tuddan ciyawa wajen Nguroje, shanu baje a kansu, da bishiyoyin turare da aka dasa kewaye da gidaje. A Gembu kuma ga kogin Donga a ƙasa.

Chappal Waddi fa?

Shi ne wuri mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, a yankin gandun dajin Gashaka-Gumti wanda ofishinsa ke Serti. Ba yawon yini ɗaya ba ne. Sai da izini, da ɗan jagora, da kwana a hanya. Wanda bai taɓa hawan tudu ba ya bar shi sai zuwa na biyu.

Yaya ake shirya yawon ƙafa na yini guda?

Fara da sallama. A je wurin jauro ko mai unguwa a gaishe shi, a faɗi abin da ya kawo ku, a roƙi ya haɗa ku da ɗan gari. A yanke kuɗin jagora tun kafin a tashi. Fulatanci ne harshen kasuwa a can, amma Hausa ma za ta fitar da kai.

Lissafin lokaci: awa guda ga kowane kilomita 4 zuwa 5, a ƙara awa guda ga kowane hawan mita 600. Tudu yana da yaudara, ka hango kansa kamar ka miƙa hannu, ka isa ka tarar da wani a bayansa. A tashi bayan asuba, a sa lokacin juyowa, misali ƙarfe ɗaya, ko an kai ko ba a kai ba. Hadari ya fi tasowa da yamma, kuma mutum a kan tudun da babu bishiya shi ne abu mafi tsawo da tsawa za ta samu. In aka ji rugugi a sauko.

Guzurin mutum ɗaya: ruwa lita 2, wato ledar fiya wata huɗu, dabino, ƙuli-ƙuli ko kilishi, tocila, rigar ruwa, hula. Sanyi kan ɓoye ƙishi, sai a sha ko ba a ji ba. Ruwan rafi komai haskensa shanu sun sha a sama, sai an tafasa. Takalmi kambas mai gargada a ƙasa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Takalmin fata na Sakkwato kyakkyawa ne, amma a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa sulɓi yake kamar an shafa masa kuɓewa. A sa dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safa saboda kaska, da dare a duba jiki.

Inda ka ga shinge kada ka tsallaka. Maganar fili tsakanin manoma da makiyaya ba abin wasa ba ce a yankin. Kada ka ɗauki hoton mutum ko garke sai ka tambaya. Katin shaidarka ya kasance a aljihu, akwai shingayen jami'an tsaro, kuma a wasu wurare iyakar Kamaru ba ta da alamar da baƙo zai gane.

Zan yi ciwon tsauni?

Da wuya. Wannan ya fi kama mutane daga mita 2,500 zuwa sama. Haki dai za ka yi a kwana biyun farko, sai ka rage sauri. Mai hawan jini, asma ko ciwon zuciya ya ga likita kafin ya tashi, ya riƙe maganinsa. Gidan sauro ma kada a bar shi, ko ba don saman tsauni ba, don kwanan Jalingo ko Serti.

Mai dafa abinci kuma ya ƙara haƙuri: a wannan tsawo ruwa na tafasa a kusan digiri 95, wake zai ci itace fiye da yadda aka saba a gida.