Waƙoƙin wasan dandamali da ba a ba su haƙƙinsu ba: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tun da na fara horar da ɗaliban ƙungiyar wasan kwaikwayo a nan Sakkwato, babu zangon karatun da zai wuce ba a yi mini waɗannan tambayoyi ba. Na rubuta amsoshin domin duk wanda ya sake tambaya in tura masa ya karanta da kansa.

Mene ne wasan dandamali mai waƙa?

Wasan kwaikwayo ne da ake yi a gaban 'yan kallo, inda 'yan wasa ke isar da wani ɓangare na labarin cikin waƙa. Wanda ya taɓa kallon tashe a watan azumi ya riga ya ga irin abin. Manyan cibiyoyinsa su ne Broadway a birnin Niyok da West End a Landan.

Ba irin waƙoƙin fina-finan Indiya ba ne?

A'a. A can mawaƙi ne ke rerawa a ɗakin naɗar sauti, jarumi ya motsa baki, a dandamali kuwa ɗan wasa ne ke rerawa da muryarsa a kowane dare.

Wace waƙa ce aka danne, kuma wace ce ta danne ta?

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san waƙar magoya bayan Liverpool, wato "You'll Never Walk Alone", amma kaɗan ne suka san cewa daga wasan Carousel na 1945 ta fito, wanda Richard Rodgers ya yi wa kiɗa, Oscar Hammerstein ya rubuta baitocinsa. A cikin wasan nan akwai "What's the Use of Wond'rin'", wadda Julie, matar da mijinta ke muzguna mata, take rera wa ƙawarta, tana nuna cewa babu amfanin auna kirkin miji ko rashin kirkinsa idan har zuciya ta riga ta kamu. Ban yarda da shawararta ba, kuma ba zan so 'yata ta bi ta ba, amma babu waƙar da ta fi ta fallasa halin da matar ke ciki.

Haka abin yake a wasan Fiddler on the Roof na 1964. Kowa na yabon waƙar Tevye, jarumin wasan mai mafarkin zama attajiri, ana mantawa da "Far from the Home I Love", wadda 'yarsa Hodel ke rerawa a tashar jirgin ƙasa, tana bankwana da shi za ta bi masoyinta da aka tsare a Saiberiya. Wanda ya taɓa tsayawa a zaure ranar da ake fitar da amarya daga gidan ubanta ba ya bukatar a fassara masa wannan waƙa. Sai "Shadowland" ta zakanya Nala a wasan The Lion King na 1997, wadda Lebo M na Afirka ta Kudu yake cikin waɗanda suka tsara ta. Ba ta cikin fim ɗin zane na 1994, shi ya sa waɗanda fim kawai suka kalla suke musu da ni cewa babu ita.

Da suna da daɗi ai da sun shahara?

Wannan maganar raggo ce. Waƙar da ta shahara ita ce wadda za a iya cirowa daga labari ta tsaya da ƙafarta a rediyo, waɗannan kuwa nauyinsu na jingine da abin da ya faru kafin a rera su. Ka saurari "Turning" ta wasan Les Misérables ba tare da sanin cewa matan da ke rera ta suna makokin ɗaliban da aka kashe a shingen tawaye ba ne, za ka ɗauka 'yar waƙar cike gurbi ce.

Za mu iya fassara ɗaya zuwa Hausa mu rera a bikin ƙarshen zango?

Ya danganta, kuma ina roƙon malamai su karanta wannan amsar har ƙarshe kafin su tara yara. Abu na farko shi ne haƙƙin mallaka. Waɗannan wasanni suna da kamfanonin da ke ba da lasisin yin su, Music Theatre International ke riƙe da Fiddler on the Roof, Concord Theatricals kuma ke riƙe da Carousel, kuma yawanci sharuɗɗansu sun hana sauya baiti ko fassara shi ba tare da izini a rubuce ba. Rerawa a cikin aji domin koyo abu ne guda, sayar da tikiti ko ɗora bidiyon a YouTube wani abu ne daban, don haka shugaban makaranta ya rubuta musu ya tambaya. Babu abin tsoro a ciki, wasiƙa ce kawai.

Na biyu shi ne harshen kansa. Hausa tana da dogon wasali da gajere, tana da karin sauti mai hawa da sauka, kiɗan kuwa an gina shi a kan bugun kalmomin Turanci. Idan aka ɗora gajeren wasali a inda murya za ta ja, kalmar na iya komawa wata kalma, 'yan kallo su yi dariya a wurin kuka. Sai dai muna da wata riba. Hammerstein da kansa ya ɗora laifin rashin shaharar waƙar Julie a kan kalmarta ta ƙarshe, wadda ta ƙare da harafin da ke datse murya, mawaƙiya ba ta iya jan sautin. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka mai fassara da ya san karin waƙa, irin wanda ya tashi da sauraron Narambaɗa da Ɗankwairo, zai iya samar da ƙarshen da ya fi na asali daɗin ja.

Na uku, a san iyayen da za su zauna a zauren. Waƙar Hodel ba ta bukatar rawa ko cuɗanyar maza da mata, yarinya ɗaya da wanda zai fito a matsayin uba sun isa, don haka ita nake fara ba da shawara idan an samu izini. Waƙar Julie kuwa ban ga dacewarta a bakin 'yar sakandare ba. Ko wacce aka zaɓa, a sa wani ya ba da labarin a taƙaice kafin a fara, in ba haka ba an sake danne ta. Idan izinin bai samu ba, a ɗauki darasin a bar waƙar, wato ɗalibai su rubuta tasu ta bankwanan amarya, su sa mata karinsu.

A ina zan saurare su?

A nemi cikakken faifan 'yan wasan farko na kowane wasa a YouTube ko Spotify, a karanta labarin tukuna, sannan a saurara daga waƙar farko zuwa ta ƙarshe bisa jeri. Wanda ya tsallake ya tafi kai tsaye ga wadda ya riga ya sani, kada ya dawo ya ce mini sauran ba su da armashi.