Turai ba ta hana haɗa MOF ba: ga abin da dokar DMF ta ce

Tun da Omar Yaghi da Susumu Kitagawa da Richard Robson suka samu kyautar Nobel a fannin sinadarai a 2025, ɗalibai suka yi ca a kan MOF, sinadaran nan masu ƙananan ramuka kamar soso da ke tsotse iskar gas. Sai ga magana tana yawo wai Tarayyar Turai ta haramta kayan haɗa su, har da gishirin zink. Ba haka ba ne.

Abin da doka ta taɓa shi ne DMF, ruwan da ake narkar da zink naitiret a ciki wajen haɗa irin su MOF-5. Doka mai lamba 2021/2030 ce ta sa shi cikin sinadaran da REACH, tsarin dokokin sinadarai na Tarayyar Turai, ya taƙaita, ta fara aiki ran 12 ga Disamba 2023. Ta shafi masu sarrafa shi da masu shigo da shi da masana'antun da ke aiki da shi. Ba ta ce a daina ba. Cewa ta yi in DMF ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, kada ma'aikaci ya shaƙi fiye da miligiram 6 a kowace mita kubik ta iska, domin yana lahanta hanta, yana iya cutar da ɗan tayi.

Hanin da aka yi wa zink oksayid a 2022 kuwa na ɗura wa 'yan aladu shi a matsayin magani ne, babu ruwansa da ɗakin gwaji.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne sashe na 67 na REACH. Ya cire binciken kimiyya daga taƙaitawar, muddin ana yin sa cikin kulawa kuma abin da ake amfani da shi bai kai tan ɗaya a shekara ba. Ɗalibin da ke haɗa 'yan giram bai karya komai ba. Kamfanin da zai fitar da MOF don sayarwa, shi dokar ta hau kansa, kuma sashe na 126 ya bar wa kowace ƙasa ta yanke nata hukuncin, don haka babu tara guda ta bai ɗaya.

Wannan sassaucin da aka yi wa binciken kimiyya ne ke damuna. Hantar ɗalibi da ta ma'aikaci duk ɗaya ce. Dokokin kare lafiya a wurin aiki suna nan daram, kuma jami'ar da ta fake da sashe na 67 ta bar ɗalibai babu na'urar zuƙe tururi ta zalunce su.