Yadda hasken leza ke tona asirin kwal kafin ya shiga wuta

Kwal ba kwal ba ne? Me ya kawo aune-aune?

A ido duk baƙin dutse ne, amma a cikin wuta kowane da halinsa. Wani yana ba da zafi sosai, wani rabinsa ƙasa ce da danshi. Kwal ɗin Indiya, alal misali, tokarsa kan kai kashi 30 zuwa 45 cikin ɗari, wato tashar wutar lantarki ta biya kuɗin dakon abin da ba zai ci wuta ba. Sannan tokar kanta iri-iri ce. Idan ƙarfe ko sodiyam suka yi yawa a cikinta, takan narke ta manne a jikin bututun tukunyar tururi, ta hana zafi isa ga ruwa, wani lokaci har a kashe injin a shiga fasa ta. Ga kuma farar wuta, wadda hayaƙinta ke gurɓata iska.

To ai akwai ɗakin gwaji, ba ya wadatarwa?

Yana ba da amsa mai kyau, sai dai a makare. Za a ɗebi samfuri, a niƙa, a busar, a ƙona a murhu mai zafin digiri 815 don a ga tokar da ta rage. Kafin sakamako ya fito an ci sa'o'i, wani lokaci yini guda. Babbar tasha kuwa tana cinye dubban tan a rana. Takarda na isowa hannun mai kula da tukunya, kwal ɗin da take magana a kansa ya riga ya zama hayaƙi. Ihu bayan hari ke nan.

To yaya leza, wato siririn haske mai ƙarfi da na'ura ke harbawa, take gane abin da ke cikin kwal?

Wanda ya taɓa ganin miya ta zubo kan wutar gas ya ga asalin abin. Harshen wutar da yake shuɗi sai ya koma ruwan ɗorawa, saboda sodiyam ɗin da ke cikin gishiri. Kowane sinadari, idan ya sha zafi, yana da launin hasken da yake fitarwa, kuma ba ya yin na wani.

A fasahar da ake kira LIBS, wato gane sinadarai daga hasken tartsatsin leza, ana kafa na'urar a saman bel ɗin da ke jan kwal zuwa tukunya, ko a gefen inda ake ɗibar samfuri. Leza takan harba haske mai ƙarfi na ɗan lokacin da bai wuce 'yan kashi cikin biliyan na daƙiƙa ba, a kan ɗigon da bai kai kan allura ba. Wurin sai ya yi tartsatsi, zafinsa ya kai digiri 10,000 ko fiye. Yayin da tartsatsin ke hucewa, wata na'ura ta kama haskensa ta warware shi kamar bakan gizo. Kowane sinadari yana fitowa a matsayin layi a wurinsa, ana auna wurin da ma'aunin da ake kira nanomita: kabon yana bayyana a nanomita 247.9, sodiyam a 589, haidurojin a 656. Daga ƙarfin waɗannan layuka kwamfuta ke lissafa yawan toka da zafin da kwal ɗin zai bayar, cikin mintuna.

Sabon abu ne?

A'a. An ƙera leza ta farko a 1960, kuma a 1962 aka fara gwada ta a irin wannan aiki. Motar binciken Curiosity da Amurka ta sauke a duniyar Mas a 2012 ma da ita take ɗanɗana duwatsu daga nesa.

Idan haka ne, me ya hana kowace tasha sakawa?

Nan fa gizo ke saƙa. Leza fatar dutsen kawai take gani, ɗan mitsitsin abu daga cikin tan dubbai, shi ya sa sai an yi harbi ɗaruruwa a ɗauki matsakaici. Ƙura tana rufe gilashin na'urar. Danshi yana rage hasken tartsatsin. Gutsuren kwal a kan bel wani babba wani ƙarami, tazara tana sauyawa, harbi biyu a jere ba sa ba da amsa ɗaya. Farar wuta ma, wadda aka fi son a sani, tana da wuyar kamawa, domin layukanta masu ƙarfi suna wajen nanomita 180, inda iska ke haɗiye hasken.

Mafi girman matsalar ita ce na'urar ba ta san komai ba sai abin da aka koya mata da samfuran da ɗakin gwaji ya riga ya auna. A kawo mata kwal daga wata mahaƙa da ba ta saba da ita ba, sai lissafinta ya karkace. Don haka duk mai cewa leza ta kori ɗakin gwaji, talla yake yi.

Babu wata hanyar auna kwal a kan bel?

Akwai tsohuwar na'ura mai harba nutron, wato wasu ƙananan ƙwayoyi na cikin ƙwayar zarra, wadda ke ratsa kwal ɗin har ciki, ta fi leza a nan. Amma tana aiki da sinadarin kalifoniyam-252 mai tururin nukiliya, ana neman lasisi da kariya, kuma ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk shekara biyu da rabi da 'yan kai, sai an sake saye. Leza ba ta da wannan ɗawainiya. Ƙasar Sin, wadda ke ƙona fiye da rabin kwal ɗin duniya, ita ta fi zuba ƙarfi a binciken, musamman a Jami'ar Tsinghua da ke Beijin, inda aka daɗe ana neman yadda harbi ɗaya zai daina saɓa wa na gaba.