Waiwaye: Rediyon masu sha'awa, da dalilin da ya sa bai kafu a Sakkwato ba

A watan Satumban 2021, bayan an rufe layukan waya a Zamfara, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, da nufin toshe wa 'yan bindiga kafar samun labari. Ko matakin ya biya buƙata ko bai biya ba, wannan muhawara ce ta daban. Abin da ya fito fili shi ne, da turakun waya suka yi shiru, mutumin Isa ko na Sabon Birni ba shi da hanyar isar da saƙo sai ya shiga mota. Akwatin rediyonsa na aiki garau, yana jin Landan yana jin Kaduna, amma shi babu mai jin sa.

A ƙasashe da dama akwai wasu mutane da irin wannan rana ce ke fito da amfaninsu. Su ne masu rediyon sha'awa: malamin makaranta, ko likita, ko ɗan fansho, wanda ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisi da lambar kira, ya ɗaura eriya a bayan gida, yana magana da takwarorinsa na nesa ba tare da ya bi ta kan wani kamfanin waya ba. Ba gidan rediyo ba ne. Ba ya sa kiɗa, ba ya karɓar talla, ba ya shirya wa jama'a shiri. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ware musu zanguna ne domin koyar da kai da gwaje-gwajen fasaha, bisa sharaɗin kada a nemi kuɗi da abin.

Asalinsa ya kusa kai shekarun rediyon kansa. A Disamban 1901 Marconi ya ce ya kama siginar da aka aiko daga Ingila yana gaɓar Newfoundland, a ɗaya gefen tekun Atalantika. Labarin ya ruɗa samari a Turai da Amurka, kowa ya shiga naɗa waya a jikin kwali yana harhaɗa na'urarsa. Suka yi yawa har suka riƙa shiga maganar jiragen ruwa. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, Amurka ta yi doka ta kore su zuwa zangunan da ba su kai mita 200 ba, wurin da masana na lokacin ke ganin babu abin tsinta.

A wannan jujin da aka watsar da su ne suka tono dukiya. A Nuwamban 1923 wani Bafaranshe, Léon Deloy, yana birnin Nice, ya yi musayar saƙo da Fred Schnell da ke Amurka a kan zangon da ke wajen mita 100, da na'urar da ba ta kai ko kusa da ƙarfin manyan tashoshin gwamnati ba. Sirrin yana sama. Can ƙololuwar sararin samaniya akwai wani shimfiɗi na iska da hasken rana ke cajawa, wanda ke mayar da gajeren zango ƙasa, ya dira dubban kilomitoci daga inda ya tashi. Shi ya sa tasha ke fita da dare ta ɓace da rana, ko ta yi kyau bana ta lalace baɗi, domin rana ita ma tana da zagayenta na kimanin shekara 11. A 1925 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a Paris, sannan taron Washington na 1927 ya tabbatar musu da zanguna irin su mita 80 da 40 da 20. Saboda haka dattijon da ke murɗa akwatinsa a Kanwuri yana neman mita 16 ko 19 ko 25 don jin labaran duniya, yana cin moriyar hanyar da waɗannan 'yan gwaje-gwaje suka taimaka wajen buɗewa.

Mu a nan ta wata ƙofa rediyo ya shigo mana. A 1932 aka fara kama shirye-shiryen BBC a Legas, a 1935 kuma gwamnatin mulkin mallaka ta fito da tsarin da ake jawo waya daga tasha zuwa wani akwati da ke rataye a bangon gida, ana biyan kuɗin wata. Ya iso Kano a 1944. Akwatin nan ba shi da abin neman tasha. Abin da hukuma ta zuba shi za ka sha, iyakarka ka ƙara murya ko ka rage. Akwai masu rediyon sha'awa a Najeriyar wancan zamani, lambar kiransu na farawa da ZD2, sai dai yawancinsu Turawa ne da aiki ya kawo. Bayan samun 'yancin kai lambar ta koma 5N, ta maƙwabtanmu Nijar kuma 5U. An kafa ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Najeriya, NARS, sannan dokar sadarwar iska ta 1961 ta haramta kafa ko amfani da na'urar aika saƙo ba tare da lasisi ba. Dokar ba ta hana abin ba, amma ta sa shi a hannun ma'aikatar tarayya, nesa da mai sha'awar da ke zaune a Birnin Shehu.

Ta fuskar sauraro kuwa, abin ya karɓu fiye da yadda kowa ya zata. Transista, wadda aka ƙirƙiro a 1947, ta raba rediyo da manyan kwalabe masu cin wuta, ta mayar da shi abin da batir biyu ko huɗu ke ɗauka. Sashen Hausa na BBC ya fara a Maris ɗin 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, ga Rima Rediyo a gida, ga Muryar Sahel daga Yamai. Makiyayi ya rataya akwatinsa a kafaɗa, mai shayi ya jingine nasa a jikin gwangwanin madara. Da wuya a sami al'ummar da ta fi Hausawa sanin mita da lokutan tashoshi. Sai dai duk wannan ƙwarewa ta kunne ce.

A ganina babban abin da ya danne ɗaya ɓangaren, wato na aika magana, shi ne mulkin soja. Duk wanda ya rayu a lokacin ya san abin da taken soja da sassafe ke nufi. Ta Rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa a ranar 15 ga Janairun 1966. Ta gidan rediyon Legas Laftanar Kanar Dimka ya yi nasa ranar da aka kashe Murtala, 13 ga Fabrairun 1976. Ranar 31 ga Disamban 1983 kuwa muryar Sani Abacha ce ta shaida wa Sakkwatawa cewa an hamɓarar da ɗansu, Alhaji Shehu Shagari. Gwamnatin da ta san da makirufo ake ƙwace mulki ba za ta yi murna da ganin na'urar aika magana a ɗakin talaka ba. Sai a 1992 aka ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, na farko ya fara aiki a Legas a 1994, kuma har yau sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ce mallakar tashar watsa shirye-shirye sai da izinin shugaban ƙasa. Wannan sashe bai shafi mai rediyon sha'awa ba, tunda shi ba watsa shiri yake yi ba. Amma jami'in da ya ga doguwar eriya a saman gidanka ba lallai ya tsaya bambancewa ba.

Ba rashin hannu ba ne. Garin da ke da Maƙera Asada, ga majema da dukawan da fatar jan akuyarsu ta yi suna har Turai, ba za a ce masa bai san aikin hannu ba. Abin lura shi ne a wurinmu aikin hannu sana'a ce, ana gadonta ko a koye ta wurin maigida, kuma ana cin abinci da ita. Tunanin a ce babban ma'aikaci ya taso daga ofis ya zauna yana soda don nishaɗi kawai, bai shiga al'adarmu ba. Za ma a ce me ya yi zafi. Saboda haka ilmin lantarki ya tare a teburin mai gyaran rediyo.

Wannan teburi ya cancanci a tsaya a kansa. Mai gyara na da bai yi karatun injiniya ba, galibi ma ba ya duba taswirar da'ira. Da kunne da yatsa yake aiki: ya taɓa nan ya ji ƙugi, ya san matsalar tana gaba ko baya. Idan babu wuta sai ya ɗora ƙarfen soda a kan garwashi ko risho, ya narka dalma ya ci gaba. Ƙarƙashin teburin cike yake da matattun akwatuna, National da Philips da Sony, waɗanda masu su suka haƙura da su, kuma nan ne shagon kayan gyaransa. Bayan 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya karya darajar naira, sabon kaya ya gagari mutane, sai kasuwarsa ta buɗe. Rediyo ɗaya sai ya shekara ashirin yana zuwa yana komawa. Yaran da ke tsugune a gefensa suna tsintar injin kaset da ya mutu su sa wa motar gwangwani ko fankar kwali, su ne 'yan gwaje-gwajenmu na gaskiya, sai dai ba wanda ya taɓa kiran abin da suke yi karatu.

Makaranta ta so ta kira shi hakan. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya kawo darasin gabatar da fasaha a ƙananan sakandare, aka yi odar injuna daga ƙasashen waje, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya san kansu. Wanda ya tsira da sha'awarsa, ya tsira ne da ƙoƙarin kansa da na iyayensa. Jelani Aliyu, wanda ya yi karatu a Sakkwato kafin ya tafi Detroit ya zana motar Chevrolet Volt, shaida ne cewa irin na nan. Ƙasar shukar ce ba a gyara ba.

Zuwan wayar salula a 2001 ya watse da teburin. Yaran gyara suka koma waya, daga baya wasu suka koma haɗa sola. Ƙananan rediyoyin Sin suka yi arha har gyaransu ya fi sayen sabo tsada. Lokaci zuwa lokaci ana jin labarin wani saurayi a Arewa da ya harhaɗa tashar FM a ɗakinsa, unguwa na kama shi, a yi ta yaba masa a Facebook. Ni tausayi yake ba ni, domin ƙofar da ya ƙwanƙwasa ita ce wadda doka ta fi tsarewa, alhali ga wata a gefe da aka tanada domin irinsa, ba wanda ya nuna masa.

Ita wannan ƙofa ta fi sauƙin shiga yanzu. Tun 2003 aka cire wajabcin iya saƙon tangaraho na Morse daga ƙa'idar duniya. Wajen 2012 aka gano cewa wata 'yar na'urar kama talabijin da ake soka wa kwamfuta tana iya zama rediyo mai kama zanguna masu ɗimbin yawa, a ga siginar a kan allo. A 2017 Joe Taylor, wanda ya taɓa cin kyautar Nobel, da abokin aikinsa Steve Franke suka fito da FT8, tsarin da kwamfuta ke tsamo saƙon da kunne ba ya ji, ta yadda ƙaramar na'ura ke ƙetare nahiya. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne tauraron ɗan'adam na Ƙatar, Es'hail-2, da aka harba a Nuwamban 2018. Yana ɗauke da sashen masu sha'awa da ake kira QO-100, yana tsaye wuri guda a sama, kuma Afirka duka na ƙarƙashinsa. Da farantin satalayit irin na kallon ƙwallo ake kama shi. Batun wuta kuma, garin da jami'arsa ke da cibiyar binciken makamashi tun shekarun 1980, kuma rana ba ta yi masa rowa, farantin sola ɗaya da batirin mota sun isa.

Mai son farawa ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Eriya ita ce aikin farko, kuma lissafinta ɗaya ne: a raba 143 da yawan megahaz na zangon, abin da ya fito shi ne tsawon wayar a mita, sai a yanka ta biyu daidai a haɗa kebur a tsakiya. Na megahaz 7 zai ba da kimanin mita 20, goma kowane gefe. Na tashar FM da ke wajen 100 kuwa bai kai mita ɗaya da rabi ba. A nisanta ta da wayar lantarki, a kuma cire ta daga akwati idan hadari ya taso. Wannan duk na sauraro ne. Aikawa sai da lasisi.

Nan ne maganar ke da nauyi a Sakkwato ta yau. Wayar oba-oba ta yi arha, tana hannun 'yan sa-kai, tana kuma hannun waɗanda ake gudu, don haka duk wanda aka gani da ita a hanyar Gwaranyo sai ya yi bayani. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Amma mai lasisi shi ne ya fi kowa fitowa fili: hukuma na da sunansa da adireshinsa, dole ya riƙa faɗin lambar kiransa a kai a kai, kuma ƙa'ida ta hana shi ɓoye ma'anar saƙonsa. Irinsu ne suka riƙe sadarwa a tsibiran Andaman na Indiya bayan igiyar ruwan tsunami ta 2004. Mu ma mun ga ambaliyar Satumban 2010, wadda ta cinye gadar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta raba ƙauyuka da gari.

Idan abin zai kafu a nan, ba daga ɗakin wani saurayi shi kaɗai zai fara ba, don ranar farko za a kwashe shi da kayansa. Daga tashar kulob zai fara, a jami'a ko Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ko ɗaya daga makarantun koyon sana'a, da malami mai lasisi, da takarda a ofishin jami'an tsaro tun kafin a ɗaga eriya. Sannan a nemo tsofaffin masu gyaran rediyo da suka rage a gari a ba su kujera a ɗakin aikin, domin ɗalibin da ya haddace lissafin da'ira sau da yawa bai taɓa riƙe ƙarfen soda ba.